Jagorar rubutun kundi a intanet: me ya kamata sashe ya ɗora wa ɗalibai da malamai?

MaiAlli:
Assalamu alaikum malamaina. A yawancin sassan jami'o'inmu abin da ake kira jagorar rubutun kundi takarda ce guda, an ɗauki hotonta shafi-shafi an ɗora a shafin sashe ko an tura a WhatsApp. Ba a iya binciken kalma a ciki, tana cin data, kuma sau da yawa ka'idar manazartar da ke ciki ta APA bugu na 6 ce alhali tun 2019 aka fitar da na 7. Ɗalibi bai karanta ba, mai duba aiki kuma kowa da tasa ka'idar a ka. Tambayata: idan sashe zai gyara wannan da ɗan abin da ke hannu, ba kwangila ba kamfani, da me zai fara?

Hajiya_Nazari:
Wa alaikumus salam. Ya fara da samfurin Word, ba da ƙarin bayani ba. Rabin jan biron da ke kan kundi a kan tsari yake: tazarar layi, gefe, lambar shafi, ƙumshiya. A shirya fayil guda a kan A4, gefen hagu inci ɗaya da rabi saboda ɗinki, sauran inci ɗaya, ko dai abin da sashe ya yanke. Kan babi a ɗora shi a Heading 1, ƙananan kanu a Heading 2 da 3, sannan a saka ƙumshiya mai cike kanta daga References. Ɗalibi ya danna cikinta ya buga F9, ta sabunta. Inda aka fi faɗuwa lambar shafi ce. Shafukan farko, sadaukarwa da godiya da tsakure, lambar Romawa suke ɗauka, babi na ɗaya ya fara da 1. Wannan sai an saka Section Break kafin babi na ɗaya, an shiga ƙasan shafi an kashe Link to Previous, sannan a sauya lamba. In ba a kashe ba, duk abin da aka sauya a gaba sai ya bi ta baya. A adana fayil ɗin a matsayin dotx, yadda duk wanda ya buɗe sabon kwafi zai samu, na asali bai taɓu ba.

ƊanLaburare:
Hajiya ta faɗi gaskiya, sai dai a tuna ɗalibai da yawa ba su ke buga aikinsu ba. Da hannu suke rubutawa su kai shagon buga takardu, mai shago ya buɗe tsohon kundin wani ya goge ya zuba sabo a ciki. Samfurin da bai isa hannun masu shagunan bakin makaranta ba, a shafin sashe zai tsufa. A tura musu, a kira su zama na awa ɗaya a nuna musu. Su ma sauƙi ne a gare su.

Dakta_Tsakure:
Ni ban yarda samfuri ne farko ba. Kundi na iya fita tsaf a tsari, ciki kuma fanko. Babi na biyu shi ne ciwon. Ɗalibi ya jero: wane ya ce, wane ya ce, wane ma ya ce, shafi ashirin, babu inda ya gwama biyu, babu inda ya nuna giɓin da aikinsa zai cike. Bayanin "bitar ayyukan da suka gabata ita ce kaza" ba ya maganin wannan. Abin da ke aiki misali ne mai sharhi a gefe. A ɗauko sakin layi biyu a kan batu ɗaya, ɗaya rarrauna ɗaya mai ƙarfi, a yi musu sharhi jimla-jimla: nan ya faɗi ra'ayin da ake a kai, nan ya kawo wanda ya saɓa, nan ya nuna dalilin saɓanin shi ne ɗaya birni ya yi nazari ɗaya ƙauye, nan ya ɗaura da nasa aikin. Irin wannan guda biyar sun isa a fara: matsalar bincike, bita, hanyoyin bincike, tattauna sakamako, tsakure. Kowane kada ya wuce shafi biyu.

Hajiya_Nazari:
Dakta, ai ba kishiyoyi ba ne. Dalilin da na sa samfuri gaba shi ne yini biyu ya isa mutum ɗaya ya gama shi, misalanka kuwa sai malamai sun zauna sun yarda da me ake nufi da sakin layi mai ƙarfi. Ka san wannan zaman.

Dakta_Tsakure:
Na san shi. Amma rashin wannan yarjejeniyar ce take fitowa ranar kare kundi, a gaban ɗalibi, malami biyu suna ja-in-ja a kan aikin da ɗayansu ya riga ya sa wa hannu.

BabanZara:
Tambaya ga Dakta. In aka ɗora misalai daga tsofaffin kundaye, ba kwafewa za a yi ba?

Dakta_Tsakure:
Za a gwada. Shi ya sa sakin layi ake ɗorawa, ba babi ba. A nemi izinin mai aikin a rubuce, a cire suna da lambar rajista. Rarraunan misali kuma kada a ɗauko na ɗalibi ko kaɗan, malami ya rubuta da kansa ya zuba kura-kuran da ya saba gani, don kada a tozarta wani. Sannan a ɗauki batun da ba a ba kowa a shekarar ba.

ƊanLaburare:
Bari in koma kan manazarta da MaiAlli ya ambata. Kada sashe ya ce "a bi APA" ya yi shiru. Ya faɗi bugu, ya kawo shafi ɗaya na abin da ya sauya. A bugu na 7 an daina rubuta garin da aka buga littafi. Marubuta uku zuwa sama, tun ambaton farko a cikin rubutu sunan na farko ake kawowa da et al., wato da sauransu. A jerin manazarta kuma ana jero har marubuta 20. DOI, wato lambar shaidar maƙala a intanet, ana rubuta shi da cikakken adireshinsa mai farawa da https. Masu shari'a suna da ka'idar NALT, injiniyoyi IEEE, likitanci Vancouver, don haka jagora ɗaya ta jami'a gaba ɗaya ba za ta wadatar ba.

Sai Zotero, manhajar tattara manazarta da saka madogara a rubutu. Kyauta ne, yana aiki da Word da LibreOffice da Google Docs, ma'ajiyarsa ta kyauta megabait 300 ce ga fayiloli, amma bayanan littattafai kansu ba su da iyaka. Abin da ya kamata jagora ta nuna shi ne wuraren da yake ɓata aiki, don sakawa kowa na iyawa. Na farko sunan hukuma: in aka bar shi a gida biyu na sunan marubuci, sai ya ɗauki kalmar ƙarshe a matsayin sunan mahaifi ya gajarta sauran. A mayar da gidan marubuci ya zama ɗaya. Na biyu taken maƙala: APA ƙananan baƙaƙe take so ban da farkon jimla da sunaye, Zotero kuma abin da aka shigar yake fitarwa, don haka a gyara taken a cikinsa, ba a Word ba, in ba haka ba gyaran zai goge da zarar an sabunta. Na uku, aikin Hausa a rubuta ha a gidan Language, yadda ka'idojin da ke manyanta farkon kalmomi ba za su taɓa taken ba. Kafin miƙa kundi a yi kwafi, a danna Unlink Citations a kwafin kaɗai. Wanda ya yi a na asali ya raba madogararsa da Zotero ke nan.

Ummu_Hisabi:
Malam, duk wannan mai kwamfuta kake yi wa magana. Mai waya fa?

ƊanLaburare:
ZoteroBib, ƙaramin Zotero. A burauza yake, ba rajista. A zuba DOI ko ISBN, a zaɓi ka'ida, a kwafe. Ba ya saka madogara cikin rubutu da kansa kamar babban, amma ya fi maɓallin Cite na Google Scholar, wanda sau da yawa yake zuwa ba lambar shafi ko ba lambar fitowa.

Ummu_Hisabi:
To a nan nake so a tsaya, domin duk abin da aka tsara a allon kwamfuta a waya za a karanta shi. PDF na A4 a waya sai an yi ta ja ana matsawa, mutum ya gaji a shafi na uku. Bayani ya zama shafin intanet na rubutu zalla, tambaya ɗaya shafi ɗaya: yadda ake madogara da hira, yadda ake lambar jadawali, bambancin manufa da tambayoyin bincike. PDF a bar shi ga mai son saukewa, kuma a fitar da shi kai tsaye daga Word, ba hoto ba. Na hoto yana iya kai megabait goma ko fiye, na rubutu mai shafuka iri ɗaya bai cika kai ɗaya ba. Akwai kuma ɗalibai makafi: manhajar da ke karanta musu allo, NVDA a kwamfuta ko TalkBack a waya, ba ta ganin komai a shafin hoto. Bidiyo kuma kada ya wuce minti uku, abu ɗaya, a ɗauki allon kawai. Lakcar minti arba'in babu mai ƙona datarsa a kai.

MaiAlli:
A ina za a ajiye? Wasu sassan shafinsu sai an bi ta cibiyar kwamfuta ta jami'a kafin a sauya ko waƙafi.

Ummu_Hisabi:
Inda akwai Moodle, dandalin koyarwa ta intanet, a buɗe kwas guda mai suna rubutun kundi, a sa duk 'yan aji uku da huɗu da duk masu duba aiki. Manhajarsa ta waya tana barin a sauke darasi a karanta ba intanet. Inda babu, jaka guda a Google Drive, kowa na iya gani, mutum biyu kaɗai ke iya gyara. Idan fayil ya sauya kada a goge a ɗora sabo, a yi amfani da Manage versions, adireshin ba zai sauya ba. WhatsApp na sanarwa ne, ba ma'ajiya ba. A liƙa adireshin a bayanin zauren, shi ke nan. Kowane fayil kuma a rubuta ranar gyara a samansa, don in kwafi biyu suna yawo a san wanne ne na yanzu.

Malam_Ƙugiya:
Allah ya gafarta malamai, ba a taɓo masu rubuta kundi da Hausa ba, kuma matsalarsu daban ce. Har yanzu akwai inda ake tilasta tsofaffin nau'in rubutu da suka ɗora ƙ a kan q, ɗ a kan x, ɓ a kan v, wasu kuma a kan alamomin baka. A takarda lafiya lau. Da an ɗora a ma'ajiyar jami'a ko an buɗe a waya sai ka ga qasa da xaya da varawo. Mai neman ƙasa a Google ba zai ci karo da aikin ba har abada, manhajar duba satar fasaha ma ba za ta gwama shi da wanda aka rubuta daidai ba. Jagora ta ce Unicode kawai, wato tsarin duniya da ya ba kowane baƙi lambarsa. Lambobin: ɓ 0253, ɗ 0257, ƙ 0199, manya Ɓ 0181, Ɗ 018A, Ƙ 0198. A Word a rubuta lambar a danna Alt da X. Tarko ɗaya: in baƙin da ya gabata a ne ko b, c, d, e, f, Word zai haɗa shi da lambar, don haka a rubuta U+ kafin lambar. Wannan na gaggawa ne dai. Mai dogon rubutu ya saka manhajar allon rubutu ta Keyman ko allon Hausa na Windows, a waya Gboard yana da Hausa. Nau'in rubutu na Charis SIL da Gentium suna da baƙaƙen duka har da alamomin karin sauti ga masu nazarin harshe. Tsohon aiki kuma ana gyara shi da Find and Replace, a kunna Match case, amma a bi a hankali ba Replace All ba, don kada sunayen Turawa da ke manazarta su lalace.

Ɗan_Damagaram:
Madalla Malam. A ƙara ƴ, 01B4, babba 01B3. A Nijar da shi muke rubutu, ku kuna sa 'y. Duk jagorar da za ta yi amfani ga ƴan makarantar ɓangarorin biyu ta faɗi wannan a fili, ta ce a zaɓi ɗaya a tsaya a kai, amma in an ɗauko maganar wani a bar ta yadda ya rubuta. Wajenmu tsarin LMD ne (Licence, Master, Doctorat), yawancin kundaye da Faransanci ake yi, kuma abin da ake kira problématique ba daidai yake da matsalar bincike ta wajenku ba, ya fi faɗi, tambayar da gardamar da ke kewaye da ita ne gaba ɗaya. Wanda zai fassara jagora daga can zuwa nan ya kula.

Malam_Ƙugiya:
Haka ne. Wani abin da ka'idojin waje ba su tanada ba sunayenmu ne. Marubuci mai sunan yanka da na uba da na gari, wanne ke zuwa gaba a manazarta? Sashe ya yanke, ya rubuta. Abin da ya fi sauƙin karewa shi ne a bi sunan ƙarshe yadda ya fito a bangon aikin, kuma kada mutum ɗaya ya fito da suna biyu a jeri ɗaya. Haka masu farawa da Ɗ ko Ƙ ko 'Y, a faɗi inda suke shiga a jeri, ɗalibi ya duba da ido don na'ura kan jefa su wani wuri. Sai hira da waƙar baka da rubutun ajami da ba a buga ba: kowanne a ba da misali guda cikakke, sunan mai bayani, shekaru, wuri, rana. Shafi ɗaya kuma na haɗewa da rabawa: za ka ba zaka ba, suna ba su na ba, da shi ba dashi ba, akan yi daban a kan tebur daban. Waɗannan su ne rabin gyaran kundin Hausa.

BabanZara:
Me ya sa za mu wahala? Purdue OWL, shafin koyar da rubutu na jami'ar Purdue, na nan tun 1994, jami'ar Manchester tana da Academic Phrasebank, taskar jimlolin rubutun ilimi na Ingilishi. A tura ɗalibai can.

Dakta_Tsakure:
A tura su, amma zuwa takamaiman shafi, da jimla ɗaya mai cewa ga abin da za ka samu a nan. Wanda aka jefa a shafin farko na OWL ɓacewa zai yi. Kada kuma a kwafe a liƙa a shafin sashe, suna da haƙƙin mallaka, kuma abin kunya ne jagorar da ke hana satar fasaha ta zama sata. Phrasebank yana da amfani ga mai neman yadda zai buɗe jimlar saɓani ko ta taka-tsantsan, haɗarinsa ɗalibi ya jera jimlolin ba tare da abin faɗa ba. Sannan babu ɗayansu da ya san kura-kuran da Hausa ke jawowa a Ingilishi: ninka mai aiki, the students they are, saboda a Hausa "ɗalibai suna" ake cewa, ruɗewa a kan a da the, musayar p da f a rubutu. Wannan mu za mu rubuta. Kwas ɗin GST 111 na sadarwa da Ingilishi a aji ɗaya ake yi, kundi a aji huɗu, tsakani babu wanda ya sake koyar da rubutu. Manhajar karatu ta CCMAS da hukumar kula da jami'o'i NUC ta fitar a 2022 ta bar wa jami'o'i kashi 30 cikin ɗari, a nan sashe zai iya cusa rubutu a fanninsa.

Ummu_Hisabi:
Kuma ba laifi a yi wasu bayanan da Hausa ko da kundin na Ingilishi ne. Saƙon murya na minti biyu a kan bambancin sakamako da tattauna sakamako bai kai megabait ɗaya ba.

Hajiya_Nazari:
Da sharaɗi. Ajin ba Hausawa kaɗai ba ne. Duk abin da aka faɗa da Hausa ya kasance yana nan a rubuce da Ingilishi, kada wani ya ce an ba wasu abin da ba a ba shi ba.

Farfesa_Ritaya:
Duk kuna maganar ɗalibai, tambayar ta ce da malamai. Sabon malami ranar da aka ɗauke shi ake miƙa masa ɗalibai goma, ba wanda ya koya masa duba aiki. Yana buƙatar abu uku a ɓangaren da ɗalibai ma za su iya gani. Ma'aunin maki mai bayani: ba "bita, maki 15" ba, a faɗi me ke kai mutum 13, me ke tsayar da shi a 7. Sai taskar sharhi, jimloli talatin ko arba'in na gyaran da ake maimaitawa, kowace da adireshin shafin da ya yi bayani. Maimakon "sake rubutawa" a gefe, sai ya liƙa: wannan sakin layin ya kawo ra'ayi uku bai gwama su ba, duba misali na biyu. Moodle yana da wurin adana irin wannan sharhin a Marking guide. Na uku tsarin zagaye: karatun farko hujja da tsari kawai, kada a taɓa nahawu, domin gyara waƙafi a sakin layin da za a cire ɓata lokaci ne. Nahawu a zagayen ƙarshe, shi ma a gyara shafi biyu a nuna irin kuskuren, ɗalibi ya bi sauran. Malamin da ya kunna Track Changes ya gyara komai, ɗalibi Accept All zai danna bai karanta ko ɗaya ba.

MaiAlli:
Ranka ya daɗe, batun Turnitin, manhajar duba satar fasaha, fa? Nan ne aka fi rigima.

Farfesa_Ritaya:
Saboda ana ɗaukar lambar a matsayin hukunci. Kamanceceniya take aunawa, ba sata ba. Kundi mai kashi 30 na iya zama tsarkakakke in manazarta ce da maganganun da aka ɗauko da ka'ida, mai kashi 8 kuma na iya zama shafi uku da aka kwashe daga wuri ɗaya. Jagora ta faɗi saitin da kowa zai bi: a cire manazarta, a cire abin da ke cikin alamar zance, a buɗe rahoton a duba manyan tushe biyar na sama. Daftari kuma a saita shi kada ya shiga ma'ajiya. In ya shiga, ranar da aka duba na ƙarshe ta wani asusun zai yi karo da kansa. Wannan ke samun waɗanda suka biya a shago aka duba musu.

ƊanLaburare:
A haɗa da shafi a kan ChatGPT da ire-irensa. Hani kawai ba ya aiki, a faɗi abin da aka yarda da wanda ba a yarda ba, da yadda ɗalibi zai bayyana ya yi amfani da shi. Babbar ɓarnarsa ƙirƙirar manazarta: sunan marubuci na gaske, mujalla ta gaske, maƙalar babu ita. Dubawa minti ɗaya ce, a zuba DOI a doi.org ko a nemi taken a Crossref, ma'ajiyar bayanan maƙalu. Mai duba aiki ya zaɓi biyar ya gwada. Manhajojin da ke cewa suna gane rubutun na'ura kuma kada a kayar da ɗalibi da su kaɗai. OpenAI da kansu sun janye tasu a 2023 saboda rashin daidaito. A zaunar da shi a tambaye shi shafin, a nemi daftarorinsa na baya.

Malama_Rataye:
Abin da ba a amsa ba: wa zai riƙe? In mutum ɗaya ne, ranar da ya tafi ƙarin karatu kalmar sirri ta tafi da shi. A buɗe da imel na sashe, mutum biyu su riƙe, shugaban sashe ya sa shi cikin rabon aiki a rubuce kamar jami'in jarrabawa. Bayan kowace kare kundi a tattara rahoton mai jarrabawa na waje, a fitar da gyara biyar da suka fi maimaituwa, su ne sababbin shafukan shekarar.

Hajiya_Nazari:
Rabon aiki ba ya ƙirguwa a ƙarin girma, Malama. Maƙala ake ƙirgawa. Wa zai karɓa?

Malama_Rataye:
Hidimar sashe tana da gurbi a takardar kimanta ma'aikaci, ko da makin kaɗan ne. Ɗaliban digiri na biyu kuma suna iya rubuta daftarin shafukan, malami ya tace.

BabanZara:
Hajiya, samfurin dotx ɗin nan yana buɗewa a manhajar rubutu ta WPS a waya ba tare da lambar shafin ta rikice ba?

Hajiya_Nazari:
Kada a dogara da haka. A ajiye kwafin docx kusa da shi don masu waya, su rubuta a ciki kada su taɓa ƙasan shafi, ƙumshiya da lambobi a sabunta su a kwamfuta ranar bugawa. A gwada a waya biyu ko uku kafin a raba wa aji.